Dayarin jakadu da takardunsu na tsakanin yaƙin duniya biyu: tambayoyin da ake yawan yi min

Na daɗe ina tara tsofaffin takardun mutanen da suka yi aikin jakadanci daga 1919 zuwa 1939, wato daga gama yaƙin duniya na ɗaya zuwa ɓarkewar na biyu. Abin da ke hannuna ba wani mai yawa ba ne, wasiƙu ne da katunan gayyata da tsofaffin fasfo da 'yan littattafan aljihu, amma duk wanda ya zo ya gani sai ya jero tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya.

Malam, wai wane irin takardu kake nufi? Ba duka suna hannun gwamnati ba?

A'a. Takardun jakada kashi biyu ne. Akwai na ofis, rahoton da yake aika wa ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarsa, da saƙon tangaraho da ake rufewa da lambobin sirri, da amsar da ake turo masa, waɗannan na gwamnati ne kuma yawancinsu suna gidajen adana takardu. Sannan akwai nasa na kansa, dayarin da yake rubutawa da dare bayan an tashi daga liyafa, wasiƙar da yake wa matarsa ko mahaifiyarsa, littafin da yake rubuta wa zai gani gobe da ƙarfe nawa, takardar jerin abincin da aka ci a walima, zanen tebur mai nuna wa ya zauna kusa da wa, katin ziyara, hotuna, rasit ɗin otal, tikitin jirgin ƙasa. Wannan kashi na biyun shi ke bin mutum gida idan ya yi ritaya, ya shiga akwati, 'ya'ya su gada, jikoki su gada, wata rana a tashi sayar da gida a fito da akwatin. Nan muke shigowa.

Me yasa sai wannan zamanin? Ai an yi jakadu kafin nan da bayan nan.

Saboda shekara 20 ne da aka yi ana ƙoƙarin hana yaƙi da takarda da tawada, kuma aka kasa, kuma mutanen da ke cikin ɗakin suna rubutawa kullum ba su san ƙarshen labarin ba. Mu mun san me ya faru ranar 1 ga Satumba 1939, su ba su sani ba. An sa hannu a yarjejeniyar Basai, wadda ta rufe yaƙin farko da Jamus, ranar 28 ga Yuni 1919, aka kafa tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya a Janairu 1920 mai zama a Jeniba, wadda ita ce ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, dauloli suka rushe, ta Usmaniyya ta Turkiyya da ta Ostiriya da ta sarkin Rasha, sababbin ƙasashe irin su Folan da Cekoslobakiya suka buɗe ofisoshin jakadanci daga babu. Miliyoyin mutane suka wayi gari ba su da ƙasa har sai da aka ƙirƙiro musu fasfon Nansen a 1922, wanda aka ba mutum wajen 450,000.

Sannan zamani ne na rubutu. Tarho tsakanin ƙasashe yana da tsada kuma ana sauraro, don haka komai a takarda yake, mutum sai ya rubuta wasiƙa shafi takwas don ta kama jakar ofis da za ta tashi ranar Alhamis. Jakadan yau da yake tura saƙo a WhatsApp me zai bar wa jikokinsa?

To dayarin manyan jakadun, ana samunsu a saya?

Ka cire rai da wannan ɗan'uwa, kusan duka suna ma'adanai, kuma gara haka. Amma yadda suka tsira shi ne abin da ya fara jawo ni harkar nan.

Ivan Maisky shi ne jakadan Tarayyar Sobiyat a Landan daga 1932 zuwa 1943. A zamanin Stalin rubuta dayari kaman haƙa wa kanka kabari ne, abokan aikinsa da yawa an kira su gida ba su ƙara dawowa ba, amma mutumin nan ya ci gaba da rubuta hirarsa da manyan 'yan siyasar Ingila irin su Churchill da Lloyd George da Eden. Da aka kama shi a Fabrairu 1953 aka ƙwace littattafan, suna nan ajiye a ma'adanar ma'aikatar harkokin wajen Rasha har 1993 da masanin tarihi Gabriel Gorodetsky ya ci karo da su, sai a 2015 aka buga su da Turanci.

Na Galeazzo Ciano kuwa, ministan harkokin wajen Italiya daga 1936 kuma surukin Mussolini, matarsa Edda ce ta ɗaura su a jikinta ƙarƙashin tufafi ta tsallaka iyaka zuwa Suwizalan a Janairu 1944, kwana biyu bayan nan aka harbe mijinta a Berona, kuma gwamnatin mahaifinta ce ta yanke masa hukuncin. Jamusawa sun yi ta neman littattafan nan ruwa a jallo.

Harry Kessler, Bajamushen da ya ɗan riƙe jakadanci a Warso a ƙarshen 1918, ya bar Jamus a 1933, ya sa wasu daga cikin littattafansa a akwatin banki a tsibirin Mayoka na Sifaniya, ya mutu 1937, babu wanda ya san da su sai 1983 da wa'adin hayar akwatin ya cika aka buɗe. Shi kuma Vasily Maklakov wanda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Rasha ta tura Faris a 1917, yana isa 'yan gurguzu na Bolshebik suka ƙwace mulki a Rasha, ya zauna a ofishin har 1924 lokacin da Faransa ta amince da Sobiyat, ya kwashe fayilolin 'yan sandan ciki na sarkin Rasha da ke ofishin ya aika cibiyar Hoover a Amurka da sharaɗin kar a buɗe sai ya mutu. A 1957 aka buɗe.

Dayarin Alexander Cadogan da takardun Eric Phipps, manyan jami'an diflomasiyyar Ingila, suna Kambirij, na Joseph Grew jakadan Amurka a Tokiyo suna jami'ar Harvard. Ana zuwa a karanta, ba a saya.

In manya sun tafi, me ya rage wa irinmu?

Abin da ya fi daɗi ne ya rage wallahi. Ofishin jakadanci ba jakada kaɗai ba ne, akwai sakatare na uku, da akawun da ke warware saƙon sirri har ƙarfe biyun dare, da mai buga tafireta, da tafinta, da ƙaramin jakadan da aka jefa wani gari mai tashar jirgin ruwa, da direba, da matan aure. Musamman matan. A lokacin mace jakada tsiraru ne ƙwarai, Alexandra Kollontai da Sobiyat ta tura Norwe a 1923 da Ruth Bryan Owen da Amurka ta tura Denmak a 1933 su ake nunawa da yatsa, amma matar jakada aiki take yi cikakke ba albashi, ita ke tsara tebur, ita ke karɓar baƙi, kuma ita ke jin abin da ake faɗa bayan maza sun saki jiki. Rahoton ofis zai ce an yi tattaunawa mai amfani, wasiƙarta ga yayarta za ta ce minista ya zo a fusace bai taɓa miyarsa ba kuma matarsa ta fara haɗa kaya. Wanne ya fi gaya maka halin da ake ciki?

Ko ƙaramin katin ziyara yana magana in ka iya karanta shi. Faransanci ne yaren diflomasiyya a lokacin, za ka ga an rubuta haruffa da fensir a ƙasan katin, p.p.c. yana nufin na zo sallama zan bar gari, p.f. na zo taya murna, p.c. na zo ta'aziyya, p.r. na gode. In an lanƙwasa kusurwar katin to mai shi da ƙafarsa ya kawo, ba aike ya yi ba. Kaman dai yadda a wajenmu akwai bambanci tsakanin wanda ya zo gaisuwar mutuwa da kansa da wanda ya aiko yaro. In ka samu tarin katuna na gida ɗaya kana iya gane wa ke zuwa gidan wa, da kuma watan da aka daina zuwa.

A ina ake samu?

Gidajen gwanjo na Turai da Amurka, dillalan tsofaffin littattafai, kasuwannin tsofaffin takardu, da eBay. Wani wuri da mutane ba sa tunawa shi ne wajen masu tara kan sarki, su ambulan ɗin suke so da hatimin gidan waya, sau da yawa wasiƙar tana ciki ba su ma karanta ba.

Abin da ke ƙona min rai a kasuwar nan shi ne rarraba kaya. Dillali zai sayi akwatin gida guda sai ya ga in ya sayar ɗaya ɗaya ya fi riba, sai ya yayyaga. Na taɓa sayen wasu shafuka na dayarin matar wani ƙaramin ma'aikaci, wata biyu kacal, ashe mai sayarwar ya farke littafin ne wata wata yana sayar wa duk wanda ya taya, kafin in gane sauran sun watse duniya. Ina da shafin da take cewa gobe za su ji amsa, ba ni da goben. Har yau abin yana damuna. Don haka in ka ga shafi guda ana sayarwa tambayi mai shi ina sauran, in da hali saya duka ko da za ka haƙura da wani abin, in kuma ka samu tari kar ka sake jera shi yadda kai kake so, bar shi yadda mai shi ya bari, furen da ya bushe a tsakanin shafi da guntun jaridar da aka maƙala duk a bar su a inda suke.

Yaya zan gane na jabu?

Nan ne zan daɗe, don nan ake cin kuɗin mutane.

Fara da silsila, kaman yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun ji wa ya ji daga wa. Takardar nan daga hannun wa ta fito, shi kuma a ina ya samu, har a kai ga mai ita. In labarin ya zama wai wani tsohon soja ne da ba ya so a faɗi sunansa ya tsinta a jirgin da ya faɗi, to ka riƙe kuɗinka. Kusan irin labarin da aka ba mujallar Stern ta Jamus ke nan, ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin, ta sayi littattafai wajen 60 wai dayarin Hitler, ta sanar a Afrilu 1983, ba a yi sati biyu cikakku ba gidan adana takardu na Jamus ya ce jabu ne. Konrad Kujau ne ya rubuta su, yana zuba musu shayi don su tsufa, har haruffan da ya manna a bango kuskure ne, FH ya sa maimakon AH. Kuma ba yau aka fara ba, wasiƙar da aka ce Zinoviev, jigon gurguzu na Sobiyat, ya aiko wa 'yan gurguzun Ingila, wadda jaridar Daily Mail ta buga ranar 25 ga Oktoba 1924, kwana huɗu kafin zaɓen Ingila, ta bogi ce. A 1955 an buga wani littafi wai dayarin Maxim Litvinov ministan harkokin wajen Sobiyat, har da gabatarwar babban masanin tarihi, shi ma daga baya aka gane ƙirƙira ce. In masu digiri da miliyoyi sun faɗa ramin nan ni da kai sai mu taka a hankali.

Bayan silsila sai jikin takardar. Ka san fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita? Sayi ɗaya. Takardar zamani ana zuba mata sinadarin ƙara fari wanda sai a shekarun 1950 ya shiga masana'antar takarda, in ka haska ta za ta yi ƙyalli shuɗi fau, ta 1930 kuwa dishi dishi za ta yi. Wannan sinadarin yana cikin abin da ya tona asirin Kujau. Ɗaga takardar ka kalli rana ta cikinta ka ga tambarin masana'anta, masu hulɗa da tsofaffin littattafan malamanmu sun san wannan, takardar nan mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya haka ake gane ta. Sai alƙalami, biro bai shiga kasuwa sosai ba sai 1945, don haka dayarin 1932 da biro ko dai ƙarya ne ko wani ya ƙara rubutu daga baya. Tawadar alƙalamin tsoma ko na ɗura ake amfani da ita, ko fensir. Allurar da aka maƙala takardu da ita ta kan bar tsatsa, duba ko tabon ya dace a shafi biyun da ke manne.

Na uku, wanda ya fi kama ɓarawo, sunaye da kwanan wata. Amurka ba ta amince da Sobiyat ba sai Nuwamba 1933, to takarda mai kan ofishin jakadancin Amurka a Mosko 1929 daga ina? Sunan Masarautar Saudiyya sai Satumba 1932 aka fara shi, kafin nan Hijaz da Najad ake cewa. Farisa ta nemi a riƙa kiranta Iran a 1935, Kiristiyaniya ta koma Oslo a 1925, Fetrograd ta koma Leningrad a 1924. Kuma a lokacin ba kowace ƙasa ake tura wa cikakken jakada ba, manyan ƙasashe ne ke musayar ambasada, sauran wurare minista ne ke riƙe da ofis mai ƙaramin matsayi, mai yin jabu sau da yawa sai ya ɗaga wa mutum muƙamin da bai taɓa riƙewa ba a shekarar. Ka kuma duba kalanda, in ya ce Talata 14 ga wata, tabbatar 14 ɗin Talata ce a shekarar. Abu mai sauƙi amma yana kamawa.

Na ƙarshe, dayarin gaske yana da gundura. Ciwon haƙori, tsadar gawayin ɗumama ɗaki, kuku ya gudu, albashi bai iso ba. In ka ga kowane shafi an haɗu da Hitler ko an yi hasashen yaƙi daidai da ranarsa, araha ba ta ado.

In dayari na gaske ne, ke nan duk abin da ke ciki gaskiya ne?

Ina! Takarda ta gaske daban, magana ta gaske daban. Da yawansu sun san za a karanta wata rana, suna rubutawa ne suna gyara rawani. Maisky ya san jami'an tsaro na iya buɗewa, don haka akwai wuraren da ya yi shiru da wuraren da ya yabi wanda dole ya yaba. Ciano ya so littattafansa su wanke shi su ɗora laifi kan Jamusawa. William Dodd, malamin tarihi daga Chicago da ya yi jakadan Amurka a Balin daga 1933 zuwa 1937, ya rasu a 1940, 'ya'yansa biyu suka fitar da dayarinsa a 1941, kuma masana sun daɗe suna tambayar ko duka kalmominsa ne ko an sa hannu. Shi yasa nake fifita littafin akawu da na matar gida, su ba su zaci wani zai damu da su ba.

Maganinsa gwadawa da wani. Ya ce ya gana da wane ranar kaza, je ka duba rahoton da ya aika ofis ranar, a Ingila suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kew cikin jerin fayilolin FO 371, na Faransa suna La Courneuve da Nantes, na Jamus suna ma'adanar ma'aikatar harkokin waje a Balin. Wani lokacin ma takardar gida ita kaɗai ta rage, don ranar 16 ga Mayu 1940 da sojan Jamus suka doso Faris ma'aikatan harkokin wajen Faransa sun watso fayiloli ta taga suka cinna musu wuta a tsakar gida, bayan yaƙi sai da aka bi ofisoshin jakadanci da takardun mutane ana harhaɗa kwafi.

Yallaɓai, doka ta yarda mutum ya riƙe irin wannan?

Na kashin kai, eh, in magada suka sayar da yardarsu. Na ofis kuwa a yi hattara. Jakadun da can suna tafiya gida da kwafin kabon na rahotanninsu, sai su cakuɗe da wasiƙun iyali. A Faransa takardar gwamnati ba ta taɓa zama mallakar mutum komai daɗewarta a hannunsa, hukuma tana iya tsayar da gwanjo ta karɓe, kuma tana yi. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ma ta ce takardun ofishin jakadanci ba a taɓa su a kowane lokaci kuma ko'ina suke. Ƙasashe da yawa kuma sai da izini ake fitar da tsohuwar takarda daga cikinsu, tambayi dillali wannan kafin ka biya, ba bayan kaya sun maƙale a kwastan ba.

Sai wani abu da mutane ke mamaki, ka sayi takardar amma ba ka sayi maganar da ke kai ba. Haƙƙin bugawa na magadan marubucin ne, a Turai shekara 70 bayan mutuwarsa, a Ingila ma rubutun da ba a taɓa bugawa ba na mutanen da suka daɗe da mutuwa yana da kariya har ƙarshen 2039. Ban da doka akwai kunya, za ka ci karo da sirrin aure da bashi da rashin lafiya, jikokin mutanen nan suna raye. Ni abin da ba zan so a watsa na kakata ba ba na watsa na kakar wani.

Mu Hausawa ina ruwanmu da wannan? Ai lokacin muna ƙarƙashin Turawa.

Gaskiya ne ba mu da jakadu a lokacin, ƙasashen Afirka da suka zauna a majalisar Jeniba su ne Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu, sai Masar da ta shiga a 1937. Amma muna cikin takardun, ana maganarmu ba mu a ɗakin.

Bayan an ƙwace Kamaru daga hannun Jamus an raba ta tsakanin Faransa da Ingila a matsayin amanar majalisar, yankin Dikwa da Mubi suna ciki, kuma duk shekara sai an kai rahoto Jeniba kan yadda ake mulkinsu. Wa ke zaune a kwamitin da ke duba rahoton? Lugard da kansa, daga farkon shekarun 1920 har 1936. Mutanen Duwala sun riƙa aika ƙorafi can a rubuce. Duk wannan yanzu kana iya karantawa a wayarka kyauta, don an gama ɗaukar hoton ma'adanar majalisar a 2022, sama da shafi miliyan 14, an ɗora a intanet. A can za ka ga takardun rikicin Habasha, daga mamayar Italiya a Oktoba 1935 zuwa ranar 30 ga Yuni 1936 da Haile Selassie ya tsaya gabansu ya yi jawabi da Amharik 'yan jaridar Italiya suna masa ihu. Wakilinsa a Landan, Dakta Warqenah Eshete, shi ma mai rubuta dayari ne.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Jidda. Ofishin Ingila a can yana rubuta rahoton aikin hajji duk shekara, Reader Bullard ya zauna can daga 1923 zuwa 1925 ya kuma dawo a 1936, Andrew Ryan ya riƙe daga 1930 zuwa 1936. A cikin rahotannin akwai kakanninmu da suke kira Takari, masu tafiya a ƙasa ta Cadi da Sudan shekara da shekaru suna noma a hanya har su kai Sawakin su tsallaka Bahar Maliya, da waɗanda guzuri ya ƙare musu, da waɗanda aka yaudara aka sayar. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 tsakanin Ingila da Sarki Abdul'aziz ta ba ofishin damar 'yanta bawan da ya gudo ya shiga, har 1936, kuma ana rubuta sunan mutum da garinsu da yadda aka kawo shi. Akwai 'yan ƙasar Hausa a ciki.

Sarakunanmu ma sun yi tafiye tafiyen da suka bar takarda, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka a 1921, Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun je Ingila a 1934. 'Yan rakiya da malamai da tafintoci sun dawo da katuna da hotuna da takardun shaida. In akwai tsohuwar takardar izinin tafiya hajji ta kakanku a cikin adaka, to kana riƙe da irin kayan da nake magana a kai.

Yaya zan adana su a yanayinmu?

Dan Allah kar ka kai laminatin. Na yi wannan kuskuren da wata wasiƙa a farkon farawata, ina ganin gata nake mata saboda damina, zafin injin ya dafa tawadar ya manne roba da takarda har abada, babu mai iya cirewa. Kar ka sa salatif, kar ka ɗaure da robar kuɗi, kar ka yi rubutu da biro a kai, in dole ne fensir mai laushi a jikin fayil ba a jikin takardar ba.

Maƙiyanmu a nan gara ce da kyankyaso da ɓera da laimar damina da ƙurar hunturu da zafin bazara. Takardar shekarun nan da niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana da tsami a jikinta, zafi na sa ta yi ja ta riƙa karyewa kaman ƙosai ya kwana. Nemi fayil da kwali marasa tsami, sa a akwatin ƙarfe, ɗora kan kanta nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba saman silin kusa da kwano ba. Da damina ka jefa ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa buɗewa kana dubawa duk wata. Hikimar gafaka da malamanmu ke sa littafi a ciki ita ce dai, a kwantar da takarda a miƙe, a rufe ta daga haske da ƙura, a rataye inda gara ba ta kaiwa. Kar ka rataye ta asali a firam a falo, rana za ta cinye tawadar, buga kwafi ka rataye.

Wanke hannu ka shanya kafin ka taɓa. Ɗauki hoton kowane shafi da waya har bango da shafukan da ba komai, ka ajiye a wuri biyu. In ka samu tsofaffin nagatif na hoto a cikin kayan ware su daban, na zamanin da yawa suna kama wuta da sauƙi.

Na samu amma rubutun ba ya karantuwa.

Haƙuri ne. Jamusawan lokacin suna da nasu salon rubutun hannu da aka daina koyarwa a 1941, Bajamushen yau ma da ƙyar yake karantawa. Turkiyya ta bar haruffan Larabci a 1928, don haka takardar jami'in Turkiyya kafin nan mai karatun ajami zai gane haruffan ko da bai ji yaren ba. 'Yan gudun hijirar Rasha sun ci gaba da tsohon salon rubutunsu na kafin 1918. Sakatarori kuma suna da gajeren rubutu na alamomi. Fara da kalmomin da ka tabbatar, sunan wata da na gari, ka zana yadda mai shi yake rubuta kowane harafi, bayan shafi goma ido zai saba. Manhajar Transkribus mai karanta rubutun hannu tana taimakawa amma bi bayanta ka duba, musamman sunaye.

Ana samun riba? In sa kuɗin sarata a ciki?

Hajiya kar ki sa. Kamfanin Aristophil a Faransa ya tara kuɗin mutum wajen 18,000 da alkawarin tsofaffin wasiƙu za su riƙa haihuwa duk shekara, ya rushe a 2015, da aka zo gwanjon kayan da yawa ba su kai kusa da farashin da aka sayar wa mutane ba. Abin da ke tsada a kasuwa sa hannun shahararren mutum ne, irin kayan da nake ce miki sun fi amfani kuwa, littafin akawu da wasiƙun matar gida, sau da yawa abin da kika saya shi za ki sayar ko ƙasa da haka, ga kuɗin gidan gwanjo ga na aikowa.

Baba, in ka tsufa ina za ka kai su?

Na riga na rubuta, kuma yarana sun san inda takardar take. Kowane tari na yi masa jeri, me ke ciki, shafi nawa, daga wa na saya, yaushe, nawa, da rasit a maƙale. Waɗanda suka shafi Turai za a miƙa su ga ma'adanar ƙasar da mai su ya fito, da sharaɗin kar a raba su. 'Yan kaɗan da suka shafi hanyar hajji da Kamaru ina so su zauna a Kaduna, ko Gidan Arewa ko gidan adana takardu na ƙasa, inda ɗalibi zai hau mota ya je ya gani ba sai ya nemi biza ba. Shafukan matar nan na wata biyu kuwa na rubuta kwanakinsu da kamannin rubutunta da girman takardar a saman jerin, na kuma aika wa dillalai uku da hoton shafi ɗaya, ko wani cikinsu zai ci karo da watan da ke biye.